Daga Aji zuwa Zaure: Yadda Ɗaliban Likitanci Za Su Gudanar da Binciken Lafiyar Al'umma

Ɗalibin likitanci yakan shafe shekaru yana ganin majinyaci ɗaya bayan ɗaya, kowa a kan gadonsa, kowa da katinsa. Ranar da aka tura shi Sashen Kiwon Lafiyar Al'umma sai lissafi ya sauya: majinyacinsa yanzu gari ne sukutum, har da waɗanda ba su taɓa taka ƙofar asibiti ba. Shi ya sa makarantun likitanci ke fitar da ɗalibai zaman karkara. Jami'ar Ibadan ta fara nata a Igbo-Ora tun 1963, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sukan je Yakawada a ƙaramar hukumar Giwa, na Jami'ar Bayero kuma Kumbotso. A ƙarshen zaman ana son rahoton bincike, kuma nan ne yawanci ake yin tuntuɓe.

Na rubuta wannan ne domin ku ɗalibai da ke shirin fita, da kuma matasan malamai da aka ba duba aikinku. Zan riƙe misali ɗaya daga farko har ƙarshe: gano yawan yaran da suka kammala allurar rigakafi a wata mazaɓa. Matakan sun dace da kowane irin bincike, ko na hawan jini ne ko na zuwa awon ciki.

Tambayar da za ku amsa

Kuskure na farko shi ne ɗauko take daga tsohon kundin da ke kan kantar sashe, a canza sunan gari, a ce an samu batu. Ku je wurin tukuna. Ku zauna da jami'in da ke kula da ƙaramin asibitin garin, ku buɗe rajistarsa, ku ga me ya fi kawo mutane, kuma me ya kamata ya kawo su amma bai kawo ba. A 2010 ba daga ɗakin karatu aka gano gubar dalma a Zamfara ba. Ma'aikatan lafiya da ke zagaya ƙauyuka ne suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da ƙima, aka bi diddigi, aka tarar ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana shiga jikin yara. Aƙalla yara 400 suka rasu. Gani ya kori ji.

Idan kun samu batu, ku matse shi har ya zama tambaya guda mai iyaka: su wa, a ina, yaushe. "Matsalar rigakafi a Arewa" ba tambaya ba ce. "Kashi nawa cikin ɗari na yara 'yan wata 12 zuwa 23 a mazaɓa kaza suka samu dukkan alluran shekarar farko, kuma me ya hana sauran?" wannan tambaya ce da mutum goma za su iya amsawa cikin mako biyu. An zaɓi wannan rukuni ne domin duk yaron da ya cika shekara ya kamata ya gama da alluran farko: BCG ta tarin fuka a lokacin haihuwa, Penta, mai kariya daga cututtuka biyar, a mako na 6 da na 10 da na 14, da ta ƙyanda a wata na 9, kuma uwa ba ta kai ga mantawa ba.

Sai karatu. Ku duba rahoton binciken ƙidaya da lafiya na ƙasa, ku duba abin da aka wallafa game da yankinku. Ba don cika shafi ba, don ku san inda na gaba suka tsaya. Ƙasarmu tana da tarihin irin wannan aiki. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban bincike a Garki, wadda yanzu take jihar Jigawa, suka yi feshin maganin sauro a gidaje suka raba magani, suka gano cewa hakan na rage zazzaɓin cizon sauro ƙwarai amma bai katse yaɗuwarsa ba. Har yau masana na komawa ga alƙaluman Garki, saboda an tattara su da kula.

Mutum nawa, kuma su wa

Lissafin da aka fi amfani da shi mai sauƙi ne. Ku ninka 1.96 da kanta, ku ninka da kason da kuke zato, ku ninka da ragowar kason, ku raba da kuskuren da za ku lamunta bayan an ninka shi da kansa. Idan ba ku da wani ƙiyasi daga binciken baya, ku ɗauki rabi da rabi, wato 0.5 da 0.5, kuskure kuma 0.05. Amsa 384. Tunda wasu za su ƙi amsawa wasu kuma ba za a same su ba, ku raba da 0.9, ya zama 427. Idan kuma unguwa-unguwa za ku zaɓa ba gida-gida daga jerin sunaye ba, akan ninka adadin sau biyu, domin maƙwabta sukan yi kama da juna: in wannan gida ba sa zuwa asibiti, da wuya na kusa da su ke zuwa.

Akwai tsohuwar hanyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta rukuni 30, yara 7 a kowanne, jimilla 210. Tana da sauri, amma kuskurenta ya kai kashi 10 sama ko ƙasa, kuma hukumar da kanta ta sake fasalinta a 2018 ta koma son a lissafa gidaje a zaɓa da ƙuri'a. Ga aikin ɗalibai tana iya wadatarwa, muddin kun faɗi iyakarta a rahoto.

Abin da ya fi adadi muhimmanci shi ne yadda aka zaɓa. Idan kuka bi gidajen bakin titi saboda sun fi sauƙin shiga, kun auna masu babur da masu shago ne, kun bar rugar Fulani da gidajen bayan rafi, waɗanda su ne rigakafin ba ya isa gare su. Ku zana taswirar unguwa, ku sa wa kowane gida lamba da alli bayan neman izini. In gidaje 600 ne kuna son 60, ku zaɓi lamba ɗaya tsakanin 1 da 10 da ƙuri'a, daga nan ku riƙa tsallake tara kuna shiga na goma. A babban gida mai sassa da yawa, ku ɗauki waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya a matsayin iyali ɗaya. In an samu yara biyu da suka cancanta, misali na uwargida da na amarya, ƙuri'a ce za ta raba, kuma ku yi ta a gabansu, kada a ce kun fifita ɗaki.

Takardar tambayoyi

Nan nake so mu daɗe, domin nan ne bincike ke gyaruwa ko ya lalace, kuma ba a cika koyar da shi yadda ya kamata ba.

Yawanci akan rubuta tambayoyi da Turanci, a fita, kowane ɗalibi ya fassara da baki yadda ta zo masa. Sakamakon haka mutum goma sun yi tambayoyi goma daban-daban, aka haɗa amsoshin kamar na tambaya ɗaya ne. Ku rubuta Hausar a takarda. Ku ba wani da bai ga ta asali ba ya mayar da ita Turanci, ku kwatanta. Duk inda suka saɓa, akwai gyara.

Amma fassara daidai ma ba ta isa ba, sai kun san yadda mutane ke magana. Ku tambayi uwa, "An yi wa yaronki rigakafi?" za ta ce an yi, har sau da yawa. Abin da take nufi shi ne ɗigon shan inna da ake bi gida-gida ana yi. Ku kuma kun rubuta cewa ya kammala. Dole a rarrabe: "Ban da ɗigon da ake zuwa gida a yi, kin taɓa kai shi asibiti aka yi masa allura a cinya? Sau nawa?" Ku nemi ganin kati. Sau da yawa yana cikin adaka ko ƙarƙashin katifa, ko a hannun maigida, don haka ku yi haƙuri a nemo. In babu, ku duba damtsen hagu ko akwai tabon BCG, ku rubuta abin da uwa ta tuna, amma a gurbi daban. A rahoto za ku ba da alƙaluma biyu: na kati kaɗai, da na kati haɗe da tunawar uwa.

Shekarun yaro wata matsala ce. Mata da yawa ba sa riƙe ranar haihuwa da watan Bature, amma ba sa manta cewa ana saura kwana uku azumi suka haihu, ko lokacin yankan gero, ko bayan babbar salla da mako biyu. Tun kafin ku fita ku zauna da liman da wani dattijo ku tsara jadawalin watanni 24 da suka wuce: azumi, sallolin biyu, Maulidi, saukar ruwan farko, kaka, tsananin hunturu, da duk wani abin da garin ba zai manta ba, kamar naɗin sarauta ko ambaliya. Ku sa watan Bature a gefen kowanne. Kada ku ari jadawalin bara, watannin Musulunci suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara.

Sai kunya da alkunya. Wata ba za ta ambaci sunan ɗan farinta ba, wata ba ta son ƙidaya 'ya'yanta a bainar jama'a, kuma idan kuka ce "yara nawa gare ki" ba za ta sa waɗanda suka koma ba. In kuna buƙatar sanin haka, ku tambayi haihuwa nawa ta yi, sannan a hankali, nawa ke raye, ku yi mata ta'aziyya kafin ku ci gaba. Wannan ba dabara ba ce, hakkinta ne.

Ku guji tambayar da ta riga ta nuna amsar da kuke so. "Kin san rigakafi na da amfani ko?" babu wadda za ta ce wa likita a'a a tsakar gidanta. Ku ce, "Wasu na kai yaransu, wasu ba sa kaiwa. Ke me kika gani?" Sannan ku yi shiru ku saurara. Ku bar fili don amsar da ba ku zata ba, domin dalilan gaskiya sukan zo da sigar da ba ta cikin littafi: yaro ya yi zazzaɓi bayan allurar farko maigida ya hana, ko an je sau biyu aka ce a dawo sai yara sun taru kafin a buɗe kwalba, ko ma'aikaciya ta yi mata faɗa a gaban mutane don ta ɓatar da kati.

Kafin ranar fita ku gwada takardar a kan mata 20 zuwa 30 a wani gari mai kama da naku, ba shi kansa ba. Ku riƙe agogo. Hirar da ta wuce minti 20 za ta tarar da tukunya a kan wuta.

Izini

Babu fita sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin koyarwa ko na ma'aikatar lafiya ta jiha ya amince a rubuce. Ku miƙa takardunku da wuri, yana ɗaukar makonni. Ɗalibai sukan ɗauki wannan a matsayin wahalar ofis, don haka nakan tuna musu dalilinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, wannan labari na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Najeriya ta fitar da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa a 2007. Gidan da za ku yi sallama a ƙofarsa yana iya zama bai san sunan maganin ba, amma ya ji labarin, kuma da shi zai auna ku.

Bayan takardar kwamiti sai ta ƙaramar hukuma, daga nan sai sarauta bisa tsari: hakimi, dagaci, mai unguwa. Kada ku tsallake ko ɗaya daga cikinsu. Ku je da kanku, ku cire takalmi, ku gaisa yadda ya dace: "Ranka ya daɗe, mu ɗaliban likita ne daga jami'a, mun zo neman izini mu tattauna da iyayen yara kan rigakafi. Ba mu zo da allura ba, ba mu zo rabon komai ba." Jimlar ƙarshen nan ku faɗe ta a fili, don kada a yi zaton ana rubuta sunayen masu samun tallafi ne, kowa ya gyara amsarsa. Ku gaida liman, ku nemi ungozomar unguwa. Da ɗan gari akan ci gari: ku roƙi mai unguwa ya haɗa ku da ɗan rakiya, amma ya tsaya a zaure lokacin hira.

Izinin dagaci ba izinin maigida ba ne, na maigida kuma ba na matarsa ba ne. A gidan da aka rubuta "ba shiga", ɗalibai mata ne za su shiga, bayan namiji ya yi magana da maigida a waje. A ciki, ki karanta mata takardar amincewa da Hausa, ki gaya mata tana da damar ƙi ko ta tsaya a tsakiya, kuma hakan ba zai shafi kulawar da take samu a asibiti ba. In ta yarda ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a gaban shaida. In ta ƙi, ki yi godiya ki fito, ki rubuta cewa an ƙi. Kada a maye gurbinta da maƙwabciya a ɓoye.

Ranakun fita

Ku kauce wa ranar kasuwa da Juma'a. Da damina ba a samun maza da safe, a wasu garuruwan har mata. Ku tanadi kwana na musamman don komawa gidajen da ba a samu kowa ba, har sau biyu ko uku, saboda uwar da ba ta gida yau tana iya bambanta da wadda kullum tana nan.

Manhajoji irin su KoboToolbox da ODK suna aiki a waya ba tare da intanet ba, kuma suna hana tsallake tambaya. Ku tafi da batirin ajiya da wasu kwafi na takarda. Kowace yamma ku zauna tare ku duba aikin ranar. Yaro ɗan wata 30 da ya shigo cikin jeri, ko Penta ta uku da kwananta ya riga na ta biyu, gobe za a iya komawa a gyara, bayan wata guda ba za a iya ba.

Kuna iya tarar da yaro mara lafiya. In kun ga alamun tamowa, ku auna damtsensa da ma'aunin nan mai launi uku: ƙasa da santimita 11.5, wato ja, yana buƙatar asibiti a ranar. Ku ajiye takarda ku yi aikin likita.

Wani abu kuma da ba na sassauci a kansa: cike takarda a gindin bishiya. Rana ta yi zafi, saura gida biyar, sai shaiɗan ya raya cewa ai amsoshin duk iri ɗaya ne. Malamin da ya san aikinsa zai koma gida ɗaya cikin goma ya tambaya ko an zo. Ko bai koma ba, ku sani wannan alƙalamin ƙarya yana iya shiga rahoton da za a yi amfani da shi a ce unguwar ba ta buƙatar ƙarin ranar rigakafi.

Fitar da sakamako

Manhajar nazarin alƙaluma ta Epi Info kyauta ce kuma ta isa. Ku fara da abu mai sauƙi: yara nawa, maza nawa, mata nawa, kashi nawa suka samu kowace allura. Sannan ku lissafa waɗanda suka fara ba su ƙarasa ba. A ce cikin yara 210, guda 150 sun samu Penta ta farko, 105 suka kai ta uku. An rasa 45 cikin 150, kashi 30 ke nan. Duk abin da ya haura kashi 10 alama ce cewa mutane suna zuwa amma wani abu yana hana su dawowa, kuma maganin wannan daban yake da na yara 60 ɗin da ba a taɓa kai su ba. Na farko a duba cikin asibiti, na biyu a duba nisa da yarda.

Ku yi hattara da kalmar "ya jawo". Binciken da aka yi a lokaci guda yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne kawai. In kun ga 'ya'yan matan da suka yi boko sun fi kammalawa, ku tambayi kanku ko ba su ne kuma ke zaune kusa da asibiti ba. Ku raba su gida biyu, na kusa da na nesa, ku sake dubawa. Lambar nan ta 0.05 da ɗalibai ke farauta, wato ma'aunin da ake duba ko alaƙar da aka gani ba dace ne kawai ba, ba ita ce nasarar bincike ba. In ba ku samu alaƙa ba, wannan ma sakamako ne, ku rubuta shi yadda yake.

Ga malamai 'yan'uwana: ku karanta babi-babi, ba ranar jajibirin kare kundi ba, kuma ku fita tare da su aƙalla kwana biyun farko. In aikin ya kai a wallafa, sunan ɗalibin da ya sha rana ya zo inda ya cancanta, kuma a guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba.

Komawa garin

Mutanen karkara da yawa sun gaji da masu zuwa da takarda su yi tambaya su tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu. Kafin ku kare kundi a gaban malamai, ku kare shi a ƙofar fadar dagaci. Ku gayyaci jami'in asibitin garin, da jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma, da kwamitin ci gaban mazaɓa, da liman. Ɗalibai mata su yi nasu zaman da iyaye mata a islamiyya ko gidan mai unguwa. Ku bar kashi cikin ɗari a takarda, ku ce, "Cikin kowane yara goma da aka fara yi wa allura, uku ba su ƙarasa ba." Kada ku ambaci sunan gida ko na ma'aikaci. Ku faɗi dalilan da iyaye suka bayar, ku bar mutanen wurin su kawo shawara. Sau da yawa abin da ke fitowa mai yiwuwa ne ba tare da kuɗi ba: a mayar da ranar rigakafi ta dace da ranar kasuwa, sankira ya yi shela daren jajibiri, a riƙa gaya wa uwa tun a allurar farko cewa ɗan zazzaɓi na iya biyowa da abin da za ta yi.

Ku rubuta abin da aka amince a shafi ɗaya da Hausa, a bar kwafi a fada da asibiti. Takardun amincewa su shiga akwati mai makulli a sashe, a goge sunaye daga bayanan da ke kwamfuta, a bar lambobi kawai. Taswirar gidajen da shafin yarjejeniyar kuma ku miƙa wa malamin da ke tsara zaman karkara, domin ayarin baɗi su fara da tambayar ko an sauya ranar rigakafin, kuma yara nawa suka kai Penta ta uku tun daga lokacin.